Rapa Nui: Tsibirin da ƙasarsa ta shiga jijiyar zuciya

Wannan makon tafiya za mu yi, kuma mai nisa ce. Amma kafin mu kama hanya, idan a gidanku akwai wanda aka taɓa kai wa asibitin zuciya, a nan Legas ko Abuja, ko can Indiya ko Masar, aka ce an saka masa sitent, wato 'yar ragar ƙarfen nan da ake tura wa cikin jijiyar da ta tsuke domin ta tokare ta, to ka roƙe shi ya nuna maka katin da aka ba shi bayan aikin. Akwai yiwuwar ka ga wani suna da ya ƙare da "limus": sirolimus, everolimus, zotarolimus ko biolimus. Duk 'yan gida ɗaya ne, kuma garin kakansu za mu je.

Sunan wurin Rapa Nui, Turawa kuma suna ce masa tsibirin Ista, saboda ranar Lahadin bikin Ista ta shekarar 1722 ce wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Holan, Jacob Roggeveen, ya fara hango shi. Yana tsakiyar tekun Fasifik, ƙarƙashin mulkin ƙasar Chile tun 1888. Mai zuwa sai ya fara isa Santiago, babban birnin Chile, sannan ya sake hawa jirgin sama na kimanin awa biyar ba abin da zai gani a ƙasa sai ruwa. Tazarar ta haura kilomita 3,500, wato kamar ka yi tafiyar Legas zuwa Kano sau uku har da ɗori. Maƙwabcin da ya fi kusa da su mai mutane a kai, tsibirin Pitcairn, shi ma yana nesa da fiye da kilomita 2,000.

Tsibirin kansa ƙarami ne, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 164 ba. Kusurwa uku gare shi, kowace da dutsenta mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, kamar duwatsun murhu: Terevaka, Poike da Rano Kau. Gari ɗaya ne tak, Hanga Roa, kuma a ƙidayar 2017 mutanen tsibirin duka 7,750 ne. Abin da ke kai baƙi can shi ne manyan mutum-mutumin dutse da ake kira moai, sun kusa dubu, waɗanda mutanen dā suka sassaƙa a dutsen Rano Raraku don tunawa da kakanninsu. A wani wuri mai suna Tongariki goma sha biyar ne jere a kan dandamali ɗaya, sun juya wa teku baya suna kallon cikin ƙasa. Bishiyoyi kaɗan ne, ciyawa ce shimfiɗe ko'ina, iska ba ta hutawa, dawakai kuma suna yawo sakaka kamar awakin ƙauye.

Mutanen wurin sun ga tasku. A 1862 masu farautar bayi daga Peru suka kwashe da yawa daga cikinsu, cututtuka suka biyo baya, har ta kai a 1877 mutum 111 kaɗai suka rage. Daga baya aka mayar da tsibirin makiyayar tumakin wani kamfani, aka killace masu ƙasar a Hanga Roa. Sai a 1966 suka samu cikakken 'yancin zama 'yan ƙasar Chile, bayan boren da wani matashin malamin makaranta, Alfonso Rapu, ya jagoranta.

A daidai lokacin boren ne, cikin Disambar 1964, wani jirgin ruwan sojan Kanada ya sauke tawagar likitoci da masu bincike ƙarƙashin Dokta Stanley Skoryna na jami'ar McGill. An san za a gina filin jirgin sama, don haka suna so su auna lafiyar mutanen, waɗanda ba su wuce dubu ɗaya ba a lokacin, kafin duniya ta kwararo musu. A cikinsu akwai masanin ƙwayoyin cuta, Georges Nogrady. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne mutane suna tafiya ba takalmi a ƙasar da dawakai suka cika da kashi, amma ba a ganin cutar sarƙe-haƙora a tsakaninsu. Sai ya rarraba taswirar tsibirin gida-gida, ya bi yana ɗibar ƙasa daga kowane yanki. Ƙasar ta yi shekaru a ajiye kafin ta faɗa hannun masu binciken kamfanin Ayerst a birnin Montreal.

Daga cikinta aka fito da wata bakteriya, Streptomyces hygroscopicus. Danginta ba baƙi ba ne a wurinka. Su ne ke ba ƙasa ƙamshin nan da kake ji in ruwan farko ya sauka, kuma daga 'yar'uwarta aka samo allurar streptomycin ta tarin fuka. Wannan ta Rapa Nui tana fitar da wani sinadari mai hana fangas girma, sai aka raɗa masa rapamycin, daga sunan tsibirin. Shi ne daga baya aka kira sirolimus. Wanda ya fi kowa riƙe shi da hannu biyu shi ne Suren Sehgal, ɗan asalin Indiya, wanda karatunsa na farko na haɗa magunguna ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, wannan yana yi mini daɗi. An so a yi maganin ƙaiƙayin fangas da shi, sai aka ga yana danne garkuwar jiki, aka ja baya. Da kamfanin ya rufe ɗakin bincikensa na Montreal a 1982, Sehgal ya tafi da 'yan kwalaben bakteriyar gida ya ajiye a firiza kusa da abincin iyalinsa, da rubutu a jiki cewa kada a ci. Bayan wasu shekaru aka sake buɗe binciken, kuma aibin nan na danne garkuwa ya zama abin nema. A 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don masu dashen ƙoda.

To ina ruwan wannan da zuciya? Nan ne zan ɗan tsaya, don nan maganar take.

Jijiyar da ke ciyar da naman zuciya siririya ce, faɗinta kimanin milimita uku. Kitse da datti kan taru a bangonta har hanyar jini ta matse, mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya hau bene ko ya yi sauri. A 1977, a birnin Zurich, Dokta Andreas Gruentzig ya zura siririn bututu mai balan-balan a baki, ya hura shi a wurin da ya tsuke, hanya ta buɗe ba tare da an tsaga ƙirji ba. Murna ba ta daɗe ba, don kusan mutum ɗaya cikin uku, wani lokacin fiye, jijiyar kan koma ta tsuke cikin wata shida. Sai a 1986 likitoci a Toulouse ta Faransa da Lausanne ta Suwizalan suka fara barin ragar ƙarfe a wurin. Ka ga 'yar wayar nan mai murɗe da ke cikin biro? Girman ragar da kamanninta ba su yi nisa da ita ba.

Ragar ta hana bangon jijiya komawa, amma ba ta hana jiki yin abin da ya saba ba. A wurin jiki, buɗe jijiya da ƙarfi rauni ne, ƙarfen kuma baƙo ne. Cikin kowace jijiya akwai wata shimfiɗa mai santsi, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya, ita ke sa jini ya wuce bai kama ba. Balan-balan yana kankare ta. Nan take ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini su manne a wurin, sojojin garkuwa su zo, su aika saƙo ga ƙwayoyin tsokar da ke bangon jijiya cewa a yi gyara. Su kuma su hayayyafa, su kutsa ta ramukan ragar, su yi ta tara nama. Ka tuna yadda tabon wasu ke kumbura ya yi tudu bayan hujin kunne ko ƙuna? Kusan haka ne, sai dai wannan tudun yana girma ne a cikin bututun da bai fi milimita uku ba. Da ragar ƙarfe tsirara, mutum 20 zuwa 30 cikin ɗari jijiyarsu kan sake tsukewa, kuma masu ciwon suga da masu siraran jijiyoyi sun fi kowa shan wannan wahala.

Sai aka ce, tunda fuskar ƙarfen ce jini da nama ke taɓawa, a yi mata yaɓe. An gwada abubuwa da dama: heparin mai tsinka jini, gawayi mai santsi kamar lu'ulu'u, da wani sinadari mai kwaikwayon fatar jar ƙwayar jini don jiki ya ɗauka nasa ne. Har zinare an shafa, bisa tunanin cewa ba ya tsatsa kuma yana fitowa sarai a hoton asibiti. Da aka gwada shi a kan ɗaruruwan marasa lafiya a Jamus, sakamakon da ya fito a 2000 ya nuna masu ragar zinare sun fi masu ta baƙin ƙarfe sake tsukewa. Duk waɗannan yaɓe ne na lallashi, suna ƙoƙarin ɓoye baƙon kada jiki ya gane shi. Wasu sun ɗan rage daskarewar jini, amma tudun naman bai fasa tashi ba.

Rapamycin ya zo da wata dabara daban. A cikin ƙwayar halitta akwai wani furotin da ke ba da izinin girma da rabuwa biyu. Saboda ta hanyar wannan magani aka gano shi, a Basel a 1991, sunansa ma daga maganin aka ciro shi: TOR, wato abin da rapamycin ke hari. Maganin ba ya kashe ƙwayar tsokar, hana ta haihuwa yake yi, ya kuma kwantar da kumburi. Matsalar ita ce in an haɗiye shi zai danne garkuwar jiki duka. Don haka aka kwaɓa shi cikin wani irin danƙon roba da ake kira folima, aka shafe ragar da shi, ta yadda zai riƙa tsattsafowa a hankali cikin bangon jijiyar, mafi yawansa cikin watan farko, daidai lokacin da jiki ke zumuɗin gyara. Abin da ke jikin raga ɗaya bai kai rabin miligiram ba, alhali mai dashen ƙoda yakan sha miligiram biyu kullum.

Dokta Eduardo Sousa ne ya fara saka wa mutum irin wannan raga, a Sao Paulo ta Birazil, cikin Disambar 1999. Gwajin da ya biyo baya, mai suna RAVEL, an yi shi da mutum 238. Bayan wata shida, fiye da kashi 26 cikin ɗari na masu raga tsirara sun sake tsukewa, masu raga mai magani kuwa ba ko ɗaya. An fara sayar da ita da sunan Cypher, Amurka ta amince da ita a Afrilun 2003, wata uku bayan rasuwar Sehgal. Kimanin shekara guda bayan haka Amurka ta amince da kishiyarta, Taxus, mai ɗauke da paclitaxel, maganin daji da asalinsa daga ɓawon wata bishiya ne.

Amma magani ba ya bambanta ƙwayar da ake so da wadda ba a so. Yadda ya hana tsoka hayayyafa, haka ya jinkirta dawowar shimfiɗar nan mai santsi da ya kamata ta lulluɓe ƙarfen. Ragar tsirara cikin 'yan makonni take rufuwa, mai magani ta farko kuwa takan yi shekara ko fiye da wasu sandunanta a fili, jini yana gogarsu. Ga kuma folimar kanta, wadda ke nan daram bayan maganin ya ƙare, tana tsokanar jikin wasu kamar ƙaya a tafin ƙafa. A taron likitocin zuciya na Turai a Basalona a 2006 aka tayar da hankali kan gudan jini da ke toshe irin wannan raga kwatsam, bayan shekara ko biyu. Ba sau da yawa yake faruwa ba, amma in ya faru mummunan bugun zuciya ne, kuma da yawa ba sa tashi.

Abin da aka koya shi ne maganin ɗaya ne cikin abubuwa uku, kuma kowanne yana da nasa tasirin: ƙarfen, danƙon, sannan maganin. Aka canza ƙarfen zuwa gamin kobal da kuromiyam, wanda ya fi ƙarfi, don haka aka iya sirantar da sandunan daga kimanin maikuron 140 zuwa 81. Maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, saboda haka kaurin ya sauko daga silin gashi biyu zuwa kusan ɗaya, kuma siririyar sanda ta fi saurin rufuwa, ba ta kuma hargitsa gudun jini. Aka samo folima mai sinadarin fuloraid wadda jini ba ya saurin kamawa a kai. Wasu kamfanoni suka yi danƙon da ke narkewa cikin watanni ya bar ƙarfe zalla, wasu suka shafa shi a gefen da ke manne da bango kaɗai, wasu suka watsar da danƙon gaba ɗaya suka zuba maganin a 'yan ƙananan ramukan fuskar ƙarfen. Da irin na yanzu, sake tsukewa ta sauko ƙasa da goma cikin ɗari. An ma yi raga mai suna Absorb wadda dukanta ke narkewa. Amurka ta amince da ita a 2016, a 2017 aka daina sayar da ita saboda ta fi ta ƙarfe jawo gudan jini. A ganina wannan ya isa ya sa iyali su daina tambayar likita "wacce ce sabuwa?" su koma tambayar wacce aka daɗe ana gwadawa a jikin mutane masu yawa.

Yanzu ga inda ni da kai muka shigo. Tunda ragar na buƙatar lokaci kafin jiki ya lulluɓe ta, ana ɗora majiyyaci a kan magunguna biyu masu hana jini kamawa: asfirin, tare da clopidogrel ko ticagrelor ko prasugrel. Galibi wata shida ne ga wanda aka yi wa aikin cikin natsuwa, wata goma sha biyu ga wanda bugun zuciya ya kai shi, likita kuma yana iya ragewa in akwai haɗarin zubar jini. Abin da muke yawan gani a kantin magani shi ne an kashe miliyoyi an yi aiki, Baba ya dawo gida ya ji garau, maganin da aka zo da shi daga waje ya ƙare a wata na uku, ba wanda ya tuna a sayo wani. Wani kuma tsada ce ta sa yake sha yau ya tsallake gobe. Babu abin da ya fi daina waɗannan ƙwayoyin da wuri jawo toshewar raga. Uwargida, in ke ce mai riƙe da jakar maganin, ki rubuta ranar da zai ƙare a kalanda, ki sayo na gaba saura mako guda, a kantin da ke da rajista, ki kuma duba lambar NAFDAC. Clopidogrel yana da samfura masu sauƙin kuɗi, ki tambayi mai haɗa magani maimakon a tsallake kwana.

Kada a je cirar haƙori, ko kaho wurin wanzami, ko wata tiyata, ba a sanar da likitan zuciya ba, kuma kada wani ya ce a dakatar da maganin "na kwana uku kawai" sai da izininsa. Diclofenac da ibuprofen da muke sha kamar gyaɗa suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki in an haɗa su da waɗannan, paracetamol ya fi aminci. Omeprazole na masu gyambon ciki yana rage ƙarfin clopidogrel, don haka akan fi son pantoprazole. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba a ajiye su. Mai niyyar azumi ya zauna da likitansa tun cikin Sha'aban a tsara lokutan sha, musamman mai ticagrelor da ake sha sau biyu a rana. Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, na asibiti ne a ranar.

Ka kuma san bambancin alamun biyu. Sake tsukewa a hankali take zuwa, yawanci tsakanin wata uku da shekara: nauyin ƙirjin nan na dā ya dawo in an yi tafiya, ya lafa in an huta. Wannan a nemi ganin likita cikin kwanaki, kuma yana da gyara, ko da balan-balan mai magani a jiki ko da wata ragar. Gudan jini kuwa farat ɗaya ne: ciwon ƙirji mai tsanani ko a zaune, gumi, numfashi sama-sama. Wannan ba a jiran gari ya waye, a tafi asibitin da ke da ɗakin aikin zuciya da katin ragar a hannu. Sigari da shisha, sugan da ba a kula da shi ba, da barin maganin kitse, duk suna taya tudun naman tashi ko da wane irin yaɓe aka yi wa ragar.

Idan Allah Ya kai ka Rapa Nui, ka hau Rano Kau. Bakin dutsen rami ne mai faɗin fiye da kilomita guda, a ƙasansa tafki lulluɓe da ciyawar ruwa, a gefensa kangayen ƙauyen Orongo suna leƙen teku daga kan tsauni. A kusa da wurin akwai wani allon ƙarfe da masu bincike 'yan Birazil suka kafa a Nuwambar 2000, mai tuna ɗibar ƙasar da aka yi a Janairun 1965. Da harshen Fotugis aka rubuta shi, alhali mutanen wurin Sifaniyanci da harshen Rapa Nui suke ji. Maganin ya kawo wa kamfanoni biliyoyin daloli, masu ƙasar kuwa ba a yanka musu kaso ba, don a lokacin babu yarjejeniyar duniya ta 1992 da ta ba ƙasashe iko a kan irin wannan arziki, balle ta Nagoya ta 2010 da ta yi maganar raba riba. Asibiti ɗaya ne a Hanga Roa, kuma in ciwo ya fi ƙarfinsa, sai an ɗora majiyyaci a jirgi an ƙetare kilomita 3,500 ɗin nan zuwa Santiago.